Injin Mijina, Sunan Wani

A wannan watan Injiniya ya cika shekara goma a ƙasa. Tun da sassafe wayata ke ruri, 'yan'uwa daga Zariya, tsofaffin maƙwabta daga Handsworth, kowa da addu'arsa: Allah Ya jiƙansa, Allah Ya sa ya huta. Na amsa da amin, kuma har zuciyata na amsa. Sai dai akwai maganar da ta tsaya min a maƙogwaro duk tsawon shekarun nan, na yi haɗiya har na gaji, ta ƙi wucewa. Yau zan fito da ita a jarida, wanda zai ji haushi sai ya ji.

Ni ce matarsa, shekara talatin da huɗu muka yi tare. Gwamnati ce ta turo shi karatun injiniya a Manchester tun yana saurayi. Da ya gama ya je gida ya auro ni, ya kawo ni Birmingham, inda ya samu aiki a wani kamfani mai gwajin injuna. Aikin ke nan kullum: a kawo sabon inji, a ɗaure shi a kan teburin ƙarfe, a tayar, shi kuma ya zauna ya zuba ido ya ga ta inda zai fara gazawa. Na sha tsokanarsa cewa shi kaɗai na sani ake ba albashi don ya nemo aibin abu, matan unguwarmu kyauta suke yi. A unguwar Handsworth ta Birmingham muka haifi Hafsa, ita kaɗai Allah Ya raya mana. Da kamfanin ya rage ma'aikata aka sallame shi, sai muka tattaro muka dawo Manchester, unguwar Longsight, don ni na samu aiki a ɗakin magani na wani asibiti a Oxford Road.

Zaman gida bai karɓe shi ba ko kaɗan. Cikin wata uku ya kwance min injin wanki sau biyu, alhali lafiyarsa lau. Da na ga ya fara kallon firij, sai na ce masa don Allah ya fita ya nemi abin da ya lalace da gaske. Haka ya faɗa wani ɗan gidan tarihi na council, wato ƙaramar hukuma, a bayan gari, tsohuwar masaƙa ce aka mayar, masu aikin sa kai ne ke riƙe da shi. A nan ya haɗu da Dennis, wani tsohon Bature mai ritaya da ke riƙe da makullin sito. A ƙuryar siton, ƙarƙashin tamfol, Dennis ya nuna masa wani injin jirgin sama da ya girmi iyayenmu, duk ya yi tsatsa.

Ranar da ya dawo gida ko takalmi bai cire ba ya fara yi min lacca. Wai lokacin da Turawa suka fara ƙera jirgin sama, zafi ne ya fi damunsu. Wuta ce ke ci a cikin inji, in ba a sanyaya shi ba ƙarfe ya kama, jirgi ya faɗo. Wasu maƙera suka ce a bar iska ta yi aikin. Wasu suka ce a'a, a yi wa kowace silinda riga ta ƙarfe, famfo ya riƙa tura ruwa ta ciki, ruwan ya kwashi zafin ya kai lagireto ya huce ya dawo, kamar dai na mota. Wannan na siton yana cikin masu ruwan, silinda shida a jere, kuma bai taɓa tashi sama ba. Abin da Dennis ya ji daga na gabansa shi ne, in an gwada shi a cikin masana'anta sai ya yi ta aiki lafiya, da zarar an ɗora shi a jikin jirgi sai ruwan ya tafasa, rigar ƙarfen ta tsage. Masu shi suka gaji suka watsar, kamfanin ya mutu, takardun suka ɓace. Ba wanda ya san dalili.

Na ce masa, "To kai ina ruwanka? Masu abin ma sun haƙura."

Ya ce, "Maman Hafsa, inji ba ya tafasa haka kawai. Akwai abin da yake faɗa musu, ba su saurara ba."

Shekara shida ya yi yana sauraro. Biyun farko a kwancewa da kankare tsatsa suka ƙare. Duk safiya ya ɗauki ledar abincinsa ya tsaya jiran bas a Stockport Road kamar mai zuwa ofis, alhali ko sisi ba a ba shi. Ya dawo da yamma farcensa baƙi ƙirin, yana warin giris. Tukunyata mai murfin dannewa, wadda nake dafa ganda da ita, wata rana na neme ta sama da ƙasa, ashe tana can ya huda murfin ya dasa ma'aunin zafi, wai yana so ya nuna wa Dennis yadda matsi ke hana ruwa saurin tafasa. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Ya sayo min sabuwa, amma har yau ban samu wadda ta kai waccan ba.

Da suka tayar da injin a kan tebur, sai ya yi yadda aka ce: ya yi aiki lafiya, ruwan bai ko motsa ba. Abin ya ɗaure wa Injiniya kai kusan shekara guda. Wata rana muna cikin bas, direba ya hau wani tudu, ina riƙe da robar ruwa a kwance a cinyata, sai na ga ya ƙura mata ido. Iskar da ke cikin robar ta gudu ta koma ɓangaren da ya yi sama. Ya karɓe robar ya yi ta karkata ta, mutane na kallonmu, ni kunya kamar in nutse. Jiragen wancan zamani, in suna ƙasa, wutsiyarsu ce ke zaune a ƙasa, hanci na kallon sama. A masana'anta a shimfiɗe ake gwada injin, a jikin jirgi kuwa a karkace yake. Tururi sai ya taru a saman silindar gaba, bututun fitar ruwa kuma yana can baya, ba hanyar da zai bi. Washegari shi da Dennis suka sa jak suka ɗaga gaban teburin. Cikin 'yan mintoci injin ya tafasa. Injiniya ya ce bai taɓa murnar ganin abu ya lalace ba irin ta ranar.

Maganin bai wuce wani siririn bututu ba, kaurin ɗan yatsa, wanda ya yi wa walda daga saman silindar zuwa tankin ruwa. Ranar da za a gwada, wata Asabar da rana, ya matsa sai na je. Na tsaya nesa na toshe kunne, ƙarar na shiga har cikin haƙorana. Shi kuwa yana tsaye kusa, yana ɗora bayan hannunsa a jikin bututu yadda nake taɓa goshin Hafsa tana ƙarama in zazzaɓi ya kama ta, ya duba agogo, ya rubuta. Awa guda cur injin na aiki a karkace. Da aka kashe, wurin ya yi tsit, ya juya ya kalli gabas ya yi sujada a kan simintin nan mai baƙin mai, da sabon wandonsa. Dennis bai san abin da zai yi ba, sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Duk wannan aiki yana cikin littattafai goma sha ɗaya masu baƙin bango. Kowane gwaji da shafinsa: ranar, zafin ruwa a shiga, zafinsa a fita, minti nawa aka yi, yadda sautin ya canza. Lissafin da Turanci yake yi, amma a gefen shafi da Hausa yake hira da kansa. Na taɓa buɗewa na ga ya rubuta, "Yau ya tashi da fushi." A wani wurin kuma, "Laifina ne, ban fitar da iska ba." Burinsa ɗaya, ya tattara su a buga, a san cewa matsalar da ta gagari masu ƙera injin wani mutumin ƙasar Zazzau ne ya warware ta. Ba mai son a yabe shi ba ne, amma wannan ɗin yana so, ya faɗa min ba sau ɗaya ba.

Sai aka shiga shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Wanda ya zauna a Ingila lokacin ya san yadda aka yi. Yau a rufe ɗakin karatun unguwa, gobe wurin wasan yara, a wurin aikinmu mutum biyu na yin aikin uku. Gidan tarihin su Injiniya bai da wani gata, takarda kawai aka aiko cewa za a rufe, a rarraba kayan. Injin za a kai shi wani wurin ajiyar kayan tarihi a Birmingham da ke aiki tare da wata jami'a. A cikin watan ne kuma GP, likitanmu na unguwa, ya tura Injiniya gwaji, aka dawo mana da labarin cutar daji a hanji, ta riga ta yi nisa.

A nan zan kawo mutumin da zan kira Nasiru, ko da yake ba sunansa ba ne. Ɗan aminin Injiniya ne tun na ƙuruciya, malamin jami'a ne a gida, ya zo digirin dakta a wannan jami'ar ta Birmingham da matarsa da 'ya'ya biyu. Ba yaro ba ne, ya haura talatin da biyar. Duk bayan mako biyu yana gidanmu. Daddawar da nake ɓoyewa ko Hafsa ba na ba, shi nake kaɗa wa miyar kuka da ita. Binciken da ya zo yi ya cije masa, kullum cikin ƙorafi yake. Ya bi Injiniya wurin injin sau uku ko huɗu, hannu a aljihu don kada mai ya taɓa masa riga. Sifana bai taɓa ɗauka ba. Amma wurin sauraro ba a magana, kuma bakinsa da daɗi.

Da jiki ya fara ƙi, Injiniya ya ga ba zai iya haɗa littafin da kansa ba. Wata Lahadi bayan azahar ya sa na fito da littattafan goma sha ɗaya na jera a kan tebur a gaban Nasiru. Ya ce, "Ga shi Allah Ya kai injin garinku. Ka tattara wannan, ka rubuta shi yadda suke so a jami'a. Ka sa sunanka kusa da nawa, kai ma ka amfana. Amana ce na ba ka."

Nasiru ya sauko daga kujera ya durƙusa. Ya ce, "Baba, in Allah Ya yarda sunanka ne a gaba. Ni ɗan aike ne kawai."

Hafsa tana tsaye a bakin ƙofa. A Ingila aka haife ta, ta san halin ƙasar fiye da mu. Ta ce, "Baba, please, a yi copy tukuna. Ko ya yi signing cewa ya karɓa. Nan fa komai sai da paper."

Na ga kunyar da ta rufe Injiniya, har kunnuwansa. Da a keɓe ta faɗa masa, wataƙila da ya ji. Amma a gaban baƙo, ɗan amininsa? Ya ce, "Ke 'yar Ingila, ɗan ɗan'uwana zan ce ya sa min hannu? Da wane ido zan kalli ubansa?" Ya tura littattafan gaba ɗaya ya ce a sa a jaka yanzu. Ni kuma na ja Hafsa kicin na yi mata tas, na ce ta zubar mana da mutunci. Da hannuna na nemo jakar da aka zuba su.

Wata huɗu bayan nan ya rasu. Mazan da suka je maƙabarta sun gaya min Nasiru na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi, yana kuka har sai da aka riƙe shi. Na ji daɗi lokacin. Na ce Allah Ya ba Injiniya ɗa namiji a ƙarshen rayuwarsa.

Shekara ɗaya da rabi ba mu ji komai ba. In na tambaya a waya sai ya ce, "Mama, ana kan aiki." Zuwa gidanmu ya ragu, daga baya ya tsaya. Sai wata rana Dennis ya buga min waya yana tambaya ko da wace mota za mu je bikin buɗe injin a Birmingham. Wane biki? Ba wanda ya gayyace mu. Muka je, ni da Hafsa da shi. An goge injin yana ta ƙyalli, an kewaye shi da jar igiya. A gabansa ga allo. Hafsa ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta fassara min, ko da yake ina jin Turanci sarai, ina jin so take ta tabbatar na ji da harshena. An rubuta cewa binciken Dakta Nasiru ne ya gano dalilin gazawar injin, kuma shi ya jagoranci gyaransa. A ƙasa, da ƙananan haruffa, ana godiya ga masu aikin sa kai. Mijina ke nan, shekara shida, an dunƙule shi cikin masu aikin sa kai.

Nasiru ya hango mu, ya taho da sauri cikin kwat, ya rusuna har ƙasa a gaban Turawa. "Mama, sannu da zuwa, wallahi na so in kira." Na ce, "Ina littattafan?" Ya ce suna ofis, zai kawo. Bayan mako biyu ya ce ashe lokacin da suka canza flat wasu kwalaye sun jiƙe an zubar, yana jin suna ciki. Hafsa ta nemo kundin digirinsa ta duba. Lissafin ubanta ne, jadawali bayan jadawali, an cire ranakun kawai, don ranakun sun riga zuwan Nasiru ƙasar.

Ta zauna ta rubuta takardar ƙara zuwa jami'a. Dennis ya ce zai tsaya shaida ko'ina ne. Kafin ta aika, magana ta fita, ban san ta bakin wa ba. Ranar Asabar da la'asar sai ga manyanmu a falona: Alhaji Garba, tsohon likita wanda duk Hausawan Manchester ke kai wa matsalarsu, da liman, da wasu dattawa biyu daga Birmingham. Sun taho da Nasiru, ya zauna a kan kafet ya sunkuyar da kai.

Alhaji Garba ya gyara zama ya ce, "Hajiya, mun ji abin da ya faru, kuma ba wanda ya ce an kyauta. Amma ki duba. In complaint ɗin nan ya shiga uni, za su ƙwace degree ɗinsa, visa ta tafi, matarsa da yara su koma gida da abin kunya. Kuma ba a kansa zai tsaya ba. Gobe yaronmu ya nemi admission, su ce ai 'yan can ne. Mu nawa ne a ƙasar nan? A rufa wa juna asiri. Shi marigayin da yana nan, me kike jin zai ce?"

Wannan tambayar ce ta karya ni. Nasiru ya yi hawaye, ya ce sharrin Shaiɗan ne da matsin karatu. Ya yi alkawari cikin wata uku za a gyara allon a sa sunan Baba, littattafan kuma zai sake nema.

Hafsa ta ce, "To ya rubuta. Yanzu, a nan, ku sa hannu ku shaida."

Alhaji Garba ya yi murmushi. Ya ce, "'Yata, ga liman a zaune, ga mu. Wace takarda ce ta fi wannan?"

Ku ji abin da na yi. Ni da na ga yadda rashin takarda ya cinye mijina, ni da na nemo jakar da hannuna, na buɗe baki na ce, "Hafsa, ban yarda ki kai ƙarar nan ba. In kika kai, ban yafe ba." A gaban mutane na faɗa. Ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta tashi ta haye sama. Aka shafa fatiha. Na kawo musu shayi da cincin, suka sha, suka yaba min, wai ni uwa ce ta gari. Kuskure ɗaya sau biyu a falo ɗaya, na biyun kuma nawa ne ni kaɗai.

Wata uku ya wuce, shekara ta wuce. Na kira Alhaji Garba, ya ce zai yi wa Nasiru magana. Na sake kira, ya ce in ƙara haƙuri. A karo na uku matarsa ce ta ɗauka, ta ce yana hutawa. Daga nan na lura in na shiga taron suna ko na Sallah sai hira ta canza, na zama matar nan mai tayar da tsohon zance. Dennis ya tambaye ni sau biyu yaushe za a kira shi shaida, na ce masa mutanenmu sun sasanta. Bai gane ba, amma ya bar zancen don yana ganin girmana. Shekara biyu bayan nan shi ma ya mutu. Hafsa ta bi umarnina, ba ta aika komai ba. Amma ta daina zuwa duk wani taron Hausawa, kuma ni da ita muka koma gaisuwa da tambayar jikoki.

Mutane na ɗauka Nasiru ne ya fi ci min rai. A'a. Shi ya ga abu a hannunsa ba mai tsaro, zuciyarsa ta rinjaye shi, irinsa suna ko'ina. Waɗanda suka fi ƙona min rai su ne dattawan da suka ci tuwo a gidana shekara da shekaru, suka yi sahu ɗaya da Injiniya, suka auna mai rai da matacce suka ga mataccen ba zai yi ƙorafi ba. Asirin da suka ce a rufa na mutum ɗaya ne, kuma da haƙƙin mijina aka rufa shi. Ba wanda ya dawo ya ce min, Hajiya, mun ɗauki alkawari a gabanki ba mu cika ba. Yau Nasiru farfesa ne. In sababbin ɗalibai sun zo daga gida shi ake kira ya yi musu nasiha, an ce min har maganar riƙon amana yakan taɓo.

Nakan zauna in tambayi kaina, da Injiniya zai leƙo yau me zai ce? Na san shi. Zai shafa gemu, ya ce Allah Ya shirye shi, ɗan aminina ne. Wannan ma haushi yake ba ni, har a kabari ina jin haushin sanyin halinsa. Amma na san tambayar da zai fara yi ba ta allo ba ce. Zai ce, suna tayar da injin kuwa? Ba sa tayarwa. Tun da aka kai shi Birmingham ba a taɓa kunna shi ba, an tsiyaye ruwan an bar shi a bushe. Wanda sunansa ke jikin allon bai san ta inda ake fara fitar da iska ba. Kuma na san, duk haƙurinsa, in ya karanta waɗannan ƙananan haruffan zai ji ciwo. Ba zai faɗa wa kowa ba sai ni.

Watan jiya na roƙi Hafsa ta kai ni. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta zo ta ɗauke ni a mota. Injin na nan yadda muka bar shi, allon ma haka, sai dai an sabunta shi, an mayar da Dakta ya zama Farfesa. Ashe ana iya gyara allon. Wata ma'aikaciyar wurin, yarinyar kirki, ta ga mun daɗe a tsaye, ta zo ta nuna mana siririn bututun, ta ce wannan ita ce dabarar farfesan. Na kalli waldar. Na tuna ƙunar da ya dawo da ita a babban yatsansa ranar da ya yi ta, ni na shafa masa magani. Na ce wa yarinyar na gode.

A hanyar dawowa na ce, "Hafsa, maganar da na yi miki a gaban su Alhaji Garba, na janye ta. Ke ce da gaskiya tun ranar farko. Ki yafe min."

Ta ci gaba da tuƙi, idonta na kan hanya. Can ta ce, "Mama, na yafe tuntuni. Amma wa zai saurare mu yanzu? Dennis ya mutu, notebooks babu. Maganarmu ce kawai, shi kuma professor ne."

Na ce, "To me ya rage?"

Ta ce, "Ke. Kina wurin, kin gani da idonki. Ki faɗa."

Shi ya sa na rubuta wannan. Ban san abin da zai biyo baya ba. Wataƙila a daina gaishe ni a masallaci, wataƙila allon ya zauna yadda yake har a naɗe ƙasa. Sunan Nasiru na gaskiya ban kama ba, ba don dattawa ba, don matarsa ce da 'ya'yansa, ba su ci min komai ba. Shi ya san kansa, waɗanda suka sha shayi a falona su ma sun san kansu. Littattafan sun tafi, gidan tarihin da ya yi aikin an mayar da shi gidajen haya. Abin da ya rage na Injiniya a duniya shi ne bututu ɗaya a jikin ƙarfe, da 'yar da ta gaji gaskiyarsa ba ta gaji kunyarsa ba, sai ni.

Yadda aka tarbiyyantar da mu, mace ba ta kama sunan mijinta. Shekara talatin da huɗu ban taɓa kiransa da shi ba, ko a asibiti aka tambaye ni sai in miƙa kati a karanta. Girmamawa ce, kuma ban yi nadama ba. Amma yanzu na duba na ga kowa ya ɓoye sunan nan saboda dalilinsa, har da ni, kuma in na mutu a haka ba sauran mai faɗa. Iyayena su gafarce ni, yau zan kama.

Wanda ya gano abin da ke tafasa injin nan, ya gyara shi, ya tayar da shi awa guda a karkace, sunansa Isiyaku Yunusa. Mijina ne, kuma ina tsaye a wurin.